Shatar Mota Zuwa Badar: Hukuncin Hayar da Hukuncin Tafiyar

Badar gari ne da ke kudu maso yammacin Madina, tazarar kimanin kilomita 150, kusa da tsohuwar hanyar fatake da ke bin gaɓar Bahar Maliya tsakanin Makka da Sham. A nan ne aka gwabza babban yaƙi na farko tsakanin Musulmi da Ƙuraishawa, ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 624 Miladiyya. Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne suka fuskanci rundunar da ta kai kusan mutum dubu. Sahabbai 14 suka yi shahada, aka kashe mutum 70 cikin Ƙuraishawa, aka kama 70. Har yau akwai maƙabartar shahidan a garin, ga kuma Masallacin Arish, wanda aka gina a inda ake cewa nan aka kafa wa Manzon Allah (SAW) rumfa ranar yaƙin.

Ziyarar da hukumomin alhazai da kamfanonin Umara suke shirya wa jama'arsu a manyan motoci galibi ba ta fita wajen Madina. Akan zaga Ƙuba, da Uhudu, da Masallacin Alƙibla Biyu, da wurin yaƙin Gwalalo, a dawo masauki kafin azahar. Wanda ransa ya biya da ganin Badar sai dai ya nemi mota ta kansa. Mutum huɗu ko biyar kan haɗa kuɗi su ɗauki shatar ƙaramar mota, ko iyali guda su ɗauki bas, a fita bayan asuba, a yi tafiyar awa biyu ko kusa da haka, a juyo da yamma. Abu ne da ake yi kullum ba tare da dogon tunani ba, amma a ƙarƙashinsa akwai mas'aloli na fiƙihu, wata mai sauƙi, wata kuma tana cikin waɗanda malamai suka daɗe suna jayayya a kansu.

Mai sauƙin ita ce hayar kanta. Ɗaukar mutum ko abin hawa haya don tafiya halal ne ba tare da saɓani ba, kuma asalinsa yana cikin tafiyar Hijira. Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, mutumin ƙabilar Banu Dil, a matsayin ɗan jagora, alhali a lokacin yana kan addinin Ƙuraishawa. Suka ba shi amanar raƙumansu biyu, suka yi alƙawari da shi a Kogon Sauru bayan kwana uku, ya kuwa zo a kan lokaci ya bi da su ta hanyar gaɓar teku. Imam Bukhari ya kawo labarin a babin ijara. Daga nan malamai suka fahimci cewa abin da ake nema a wurin mai jagora ko mai tuƙi shi ne sanin hanya da riƙon amana. Haka kuma cin riba da jigilar masu ibada ba aibi ba ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mai ba da hayar raƙuma ga mahajjata ya kai kuka wurin Abdullahi ɗan Umar saboda mutane suna ce masa ba shi da Hajji, sai Ibn Umar ya tabbatar masa yana da shi, ya kafa hujja da ayar Suratul Baƙara da ta ɗauke laifi daga neman arziki a lokacin aikin Hajji.

Malikawa suna da kalmomi biyu a wannan babi. Hayar aikin ɗan Adam sukan kira ta ijara, hayar dabba da jirgin ruwa da gida kuwa kira'i. Shatar mota da direbanta ta haɗa duka biyun. Sharaɗin ingancinta shi ne a san ladan, a kuma san amfanin da aka saya da shi, don kada garari ya shiga. A nan ne yawancin rigimar masu ziyara da direbobi take farawa, domin kalmar "ziyara" kaɗai ba ta fayyace komai ba. Fasinja yana nufin a kai shi maƙabartar shahidai, da masallaci, da filin daga, a tsaya a Rijiyar Rauha da ke kan hanya, a jira shi ya yi salla ya ci abinci. Direba kuwa a ransa kaiwa ce da dawowa, da tsayuwar minti goma a ɗauki hoto. Idan ba a ambaci wuraren da za a tsaya ba, da tsawon jira, da lokacin dawowa, da ko kuɗin na mota ne baki ɗaya ko na kowane kai, to ciniki bai faɗa a kan abu sananne ba, sai dai in akwai al'adar da kowa ya sani wadda za a koma gare ta. Baƙon da ya sauka jiya kuwa da wuya a ce ya san al'adar gari.

Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar Hausa suka sani tun daga zaure, ta yi maganar wanda ya ɗauki hayar wata dabba takamaimai zuwa wani gari, sai ta mutu a hanya: haya ta warware a abin da ya saura na tafiyar. Malamai sun bambanta wannan da hayar da aka lamunce, inda mai dabba ya ɗauki nauyin kai mutum ba tare da an ayyana dabbar ba, wanda a nan dole ya kawo wata. Misalin ya hau kan mota daram. Wanda ya nuna wata mota ya ce ita yake so, in ta lalace a tsakiyar hanya, zai biya gwargwadon abin da aka ci na tafiyar. Wanda ya yi ciniki da kamfani a kan a kai shi a dawo da shi, haƙƙinsa ne a turo masa wata motar. Akwai kuma batun la'ada. Wasu direbobi kan ratse da fasinja zuwa gonar dabino ko wani kanti da suke da kaso a cikin cinikinsa. Dillanci halal ne, amma direban da ya nuna wa baƙo cewa nasiha yake yi masa, alhali an ɗora kasonsa a kan farashi, ya shiga algus, ya kuma ci lokacin da aka riga aka biya shi.

Cikin sharuɗɗan haya a wurin malaman fiƙihu akwai cewa amfanin da aka biya kuɗi dominsa kada ya zama haram. Ta wannan ƙofa ce mas'ala mai nauyin take shigowa, domin hukuncin kuɗin motar yana bin hukuncin tafiyar. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya keɓe masallatai uku da niƙa gari a yi tafiya dominsu: Masallacin Harami na Makka, da Masallacin Annabi a Madina, da Masallacin Ƙudus. Badar ba ta cikinsu. Shin wanda ya bar Madina ya ci kilomita 150 don ya tsaya a kan shahidan Badar ya faɗa cikin hanin?

Malamai sun kasu. Wani ɓangare ya fahimci hanin a faɗaɗe, ya ce ya shafi duk wani bigire da ake nufa da tafiya don neman kusanci ga Allah, masallaci ne ko kabari ko dutse. Suna kafa hujja da abin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, inda Basra ɗan Abu Basra ya gamu da Abu Huraira, shi Abu Huraira yana dawowa daga Dutsen Ɗuri, ya nuna masa da ya riske shi kafin ya fita da bai tafi ba, ya kuma ambata masa wannan hadisi. Dutsen Ɗuri ba masallaci ba ne, saboda haka suka ce sahabin ya fahimci hanin ya wuce masallatai. Wanda ya fi shahara da wannan ra'ayi shi ne Ibn Taimiyya. Abin lura, tambayar da aka yi masa tun farko ta matafiya ce zalla: wanda ya yi tafiya don ziyarar kaburburan annabawa da salihai, zai yi ƙasaru ko ba zai yi ba? Amsar da ya bayar ta zama sanadin tsare shi a kurkukun Dimashƙa a shekarar 726 bayan Hijira, kuma a can ya rasu a 728, wato 1328 Miladiyya. Bai hana ziyarar kabari ba. Abin da ya hana shi ne ƙulla doguwar tafiya domin kabarin kaɗai.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya haɗa da Imam Gazali da Nawawi da Ibn Hajar, da Taƙiyyuddin Subki wanda ya rubuta littafi sukutum don mayar wa Ibn Taimiyya martani, ya ce maganar a kan masallatai take. Ma'anarta a wurinsu ita ce masallatan duniya duk darajarsu ɗaya in ban da ukun nan, don haka babu dalilin wahalar da kai zuwa wani masallaci mai nisa don neman ƙarin ladan salla. Suka ce da hanin ya game kowace tafiya, da ya haramta fita fatauci da neman ilimi da sada zumunci, abin da babu mai cewa haka. Tunda ziyarar kaburbura sunna ce, to hanyar da za ta kai mutum gare ta ba za ta zama haram ba.

Wannan saɓani ya girmi su duka, domin ana ganin inuwarsa tun a gidan Sayyidina Umar. An ruwaito cewa Umar ya ga mutane suna rige-rigen yin salla a wani wuri a hanyar Makka don Annabi (SAW) ya taɓa salla a nan, sai ya hana su, yana tsoron irin abin da ya halaka al'ummomin da suka mayar da sawun annabawansu wuraren bauta. An kuma ruwaito cewa ya sa an sare bishiyar da mutane suke zuwa wurinta da sunan ita ce ta mubaya'ar Hudaibiyya. Ɗansa Abdullahi kuwa ya shahara da bibiyar duk inda Annabi ya sauka ko ya yi salla tsakanin Makka da Madina, har Bukhari ya ware babi yana lissafa wuraren ta bakinsa. Uba yana tsaron ƙofar tauhidi, ɗa yana bin sawu saboda ƙauna, kuma babu wanda ya tuhumi ɗayansu a addininsa. Imam Malik ya fi karkata ga uban: Ibn Waddah ya naƙalto cewa Malik da malaman Madina ba sa son zuwa irin waɗannan wurare, in ban da Ƙuba da Uhudu. Togewar tana da dalili. Annabi (SAW) yakan je Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙasa wani lokaci a kan abin hawa, kuma ya fita zuwa ga shahidan Uhudu ya yi musu addu'a shekara takwas bayan yaƙin, dab da rasuwarsa. Duka wuraren biyu a gefen Madina suke, ba sa buƙatar guzuri.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Damagaram ba baƙon wannan muhawara ba ne. Ita ce dai ake yi a kan motocin da ake cikawa zuwa Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, kuma ta ƙara zafi tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Hujjojin ba su canza ba, sunayen wurare ne kawai suka canza.

Sai dai idan aka duba da kyau, filin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa ya fi wanda suka rabu faɗi. Babu wanda ya ce salla a Masallacin Arish tana da wani lada na musamman. Babu wanda ya halatta a roƙi mamaci abin da Allah kaɗai ke bayarwa. Babu kuma wanda ya hana tafiya don neman sani. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama, a Ali Imrana da An'am da Rum da wasunsu, da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Wanda ya je Badar don ya ga da idonsa abin da ya karanta a Sira, ya yi wa shahidai sallama da addu'a tunda ga shi a wurin, bai nufi bigiren da bauta ba, kuma malamai da yawa daga cikin masu tsanantawa ma sun sauƙaƙa a irin wannan. Ke nan mota ɗaya tana iya ɗaukar mutum huɗu da suka biya kuɗi daidai wa daida, amma hukuncin tafiyarsu ya bambanta: ɗaya ɗalibin tarihi ne, ɗaya ya zo yi wa mamata addu'a, ɗaya yana son ya ƙunso ƙasar wurin a leda ya kai gida don magani, ɗaya kuma hoto ya kawo shi. Direba ba ya ganin zukata, don haka ladansa halal ne matuƙar ba a gaya masa wata manufa ta saɓo ƙarara ba.

Gani ya kori ji, kuma Badar tana cikin wuraren da ganinsu yake buɗe littafi. Suratul Anfal ta ambaci gefen kwari na kusa inda Musulmi suka sauka, da gefe na nesa inda Ƙuraishawa suke, da ayarin Abu Sufyan da ke can ƙasa da su wajen teku. Wanda ya tsaya a filin ya ga tuddan rairayi da yadda kwarin ya shimfiɗu zai gane wannan tsari cikin ɗan lokaci, ya kuma gane dalilin shawarar da malaman Sira suka ce Hubab ɗan Munzir ya bayar, ta a matsa gaba a riƙe rijiyoyin ruwa. Hanyar ma darasi ce. Tazarar da mota mai sanyi take cinyewa a awa biyu, sahabbai kwanaki suka yi suna tafiya a cikinta, a watan Ramadan, da raƙuma 70 da dawaki biyu kacal, mutum uku suna karɓa-karɓa a kan raƙumi guda, har da shi Manzon Allah (SAW). Ubaida ɗan Haris, wanda aka sare wa ƙafa a fito-na-fito na farko, bai iso gida ba, a Safra ya cika a hanyar dawowa. Cikin shahidan akwai Umair ɗan Abu Waƙƙas, yaro ɗan shekara 16 da ya riƙa ɓuya a cikin runduna don kada a mayar da shi gida.

A nan sauƙin shata yake da nasa haɗari. Abin da aka samu a sauƙaƙe akan wuce shi a gurguje. Mutum kan sauka daga mota, ya ɗaga waya, ya koma ciki saboda zafin rana, bai san ko wane ne ke kwance bayan katangar maƙabartar ba. Sunna ta nuna cewa kowane wurin tarihi yana da halin da ya dace a shige shi da shi. Da Annabi (SAW) ya ratsa Hijir, garin Samudawa, a hanyarsa ta zuwa Tabuka a shekara ta 9, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halaka sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya hanzarta har ya fice daga kwarin. Yau wurin, wanda aka fi sani da Mada'in Salih a yankin Ula, yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2008, kuma motocin masu yawon buɗe ido suna kai-komo a cikinsa. Badar ta haɗa darussan biyu a fili ɗaya, domin a nan shahidai suke, a nan kuma aka jefa gawar Abu Jahal da wasu manyan Ƙuraishawa a cikin tsohuwar rijiya.

Wani abin da ya kamata a faɗa ba kunya shi ne direba direba ne. Sanin hanya daban, sanin Sira daban. Da yawa daga cikin labaran da alhazai suke komawa da su gida, na wani dutse mai kaza ko wata rijiya mai maganin kaza, a bakin mai tuƙi suka ji su, shi ma a bakin wani ya ji. Ayarin da ya iya haɗa kuɗin mota ya kamata ya ware kujera guda ga wanda ya karanta, ko aƙalla a karanta babin yaƙin a daren da za a tafi. Mace kuwa ba ta ɗaukar shata ita kaɗai da direba zuwa irin wannan nisa, sai da muharrami ko cikin jama'a. Dokar ƙasar ma ta hana ɗaukar fasinja da motar da ba ta da lasisin haya, kuma kiyaye irin wannan doka yana kare baƙo ne kafin kowa.

Saura batun salla. A mazhabar Malik tazarar ƙasaru barid huɗu ce, wato mil 48, kimanin kilomita 80, kuma ana lissafa zuwa ne kaɗai ba a haɗa da dawowa. Badar ta wuce wannan, don haka wanda azahar ko la'asar ta riske shi a can zai sallace ta raka'a biyu, sai in ya bi limamin gari, sai ya cika. Mukhtasar na Khalil ya fitar da mutum biyu daga wannan sunna: mai tafiyar saɓo, da mai tafiyar wasa, wanda masu sharhi suka ce ƙasaru makaruhi ne a gare shi. Niyya ta sake shigowa ke nan ta wata ƙofa, har cikin adadin raka'o'i.

Akwai kuma farashin da ba a biyansa da riyal. Hadisi ingantacce ya nuna salla ɗaya a Masallacin Annabi ta fi dubu a waninsa, in ban da Masallacin Harami. Baƙon da kwanakinsa a Madina ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, idan ya fita da hantsi ya dawo bayan magariba, ya bar salloli uku a masallacin da ya haye ƙasashe dominsa, ya musanya su da wurin da babu nassin falalar salla a cikinsa. Wannan ba ya haramta tafiyar, amma yana nuna matsayinta: halal ce mai amfani, tana ƙasa da abin da aka baro. Shi ya sa masu lura sukan sa lokacin dawowa cikin sharaɗin ciniki tun kafin a shiga mota. Awa biyu zuwa, awa biyu a can, awa biyu dawowa: wanda ya tashi da an sallame asuba yana iya riskar azahar a cikin sahu a Madina.